Wa Ya Ce Mangwaro Na Sabawa Da Ƙanƙara?

 Makalar wannan makon a kan bishiya take, kuma da faɗa muka zo.

Akwai wani nau'in bidiyo da ba ya tsufa a Facebook da TikTok. Za a nuna fili fari fat da dusar ƙanƙara, sannan a nuna wani dattijon Bature yana tsinkar lemu, sai mai fassara ya ɗora murya da Hausa: ga shi an noma lemun zaƙi a cikin ƙanƙara, ashe kowace bishiya tana sabawa da kowace ƙasa in an yi haƙuri da ita. Daga nan masu huɗubar ƙarfafa gwiwa su cafe, su ce ka zama kamar lemun nan. Daga can kuma maganar ta gangaro cikin labaran da ake rubutawa, inda za ka iske jarumi a lambun gidansa na Landan cikin watan Janairu, dusar ƙanƙara na zuba, shi kuwa yana miƙa hannu yana tsinko wa amarya mangwaro da gwaiba. Mu dai mun ce maganar nan ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai illa, don tana cinye kuɗin mutane, tana kuma binne wahalar waɗanda suka yi ainihin aikin.

Mu fara da dattijon. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi yawo da bidiyonsu shi ne Russ Finch, tsohon ma'aikacin gidan waya a garin Alliance na jihar Nebraska a Amurka. Gaskiya ne ya noma lemu a wurin da sanyi ke kashe mutum in ya kwana a waje. Amma lemunsa bai taɓa haɗuwa da dusar ƙanƙara ba, ko sau ɗaya. A cikin wata doguwar rumfa yake, wadda aka haƙa ƙasa aka nutsar da ita, aka rufe da roba mai barin haske ya shiga. Sannan ya binne bututu a zurfin wajen ƙafa 8, inda ɗumin ƙasa ke tsayawa kusan digiri 11 rani da damina, fanka tana tura iska ta cikinsu tana dawo da ita da ɗumi. Wato mutumin ya gina wa bishiyar wata ƙasa ce daban a cikin ƙasarsa. Wannan shi ne abin burgewar, kuma shi ne daidai abin da mai fassara ya yanke ya yar.

Wani ɓangare na ruɗanin daga bakinmu yake. Muna da sanyi, muna da hunturu, muna da jaura, muna da ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan sama da wadda ake sayarwa a leda, sai kuma dusar ƙanƙara da muka sani a talabijin. Amma abin da ke kashe lemu da mangwaro a waɗancan ƙasashe yawanci ba ya zuba daga sama, ba ya ƙara. Dare ne mai garau, babu gajimare, babu iska. Ƙasa ta saki ɗumin da ta sha da rana, ganye ya yi ta hucewa har ya sauka ƙasa da sifili, raɓa ta daskare a kansa, ruwan da ke cikinsa ma ya daskare. Da safe rana ta fito tas, manomi ya tarar da gonarsa kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Mu kira shi sanyi mai daskarwa. Bahaushen Kano ko Zariya bai san shi ba a gonarsa, domin hunturunmu, duk da karkarwar da yake sa mu, wajen digiri 10 zuwa 13 yake sauka da asuba. Irin wannan sanyin ma abokin mangwaro ne: bushewa da sanyin hunturu su ke taimaka masa ya fitar da fure. Shi ya sa in aka ce mana mangwaro na jure sanyi sai mu gyaɗa kai, don mun gan shi cikin hazo yana fure. Sai ka hau can duwatsun Azbin a Nijar, yankin da lambunan Timiya suka yi suna da lemu, kafin ka samu wuraren da ruwa kan daskare a waje da dare.

Duk wanda ya taɓa mantawa da kwalbar lemo a firiza ya ga yadda ƙanƙara ke fasa gilashi. Duk wadda ta taɓa daskarar da alayyafo ko tumatir ta ga yadda yake zama lagwas in ya narke. Kusan haka ke faruwa a jikin bishiya. Ƙanƙara na fara haɗuwa a tsakanin ƙwayoyin halittar ganye da reshe, tana zuƙe ruwan cikinsu, tana yayyaga su. Bishiyoyin ƙasashen sanyi, irin su tuffa, sun san yadda za su zubar da ganye su yi barci kafin lokacin. Mangwaro bai san wannan barcin ba. Ƙaramin dashensa na iya mutuwa a digiri 1 zuwa 2 ƙasa da sifili. Babbar bishiya na iya tsallake digiri 4 ƙasa da sifili na 'yan sa'o'i, amma ta rasa ganye da ƙananan rassa. Furensa da 'ya'yan da suka fara ƙullawa kuwa ba sa ma jiran sifili, a wajen digiri 4 sama da sifili suke fara lalacewa. Ka bar shi shekara goma a wurin, a shekara ta goma sha ɗaya ma waɗannan alƙaluman suna nan yadda suke. To ina sabon yake?

Za a ce ai lemu na sabawa. Eh, akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ba za mu ɓoye ba. In sanyi ya shigo a hankali, makonni a jere, bishiyar lemu tana rage girma, tana tara sukari a jikinta, ta ƙara juriyar 'yan digiri kaɗan. Amma juriyar nan aro ce, 'yan kwanakin ɗumi sun isa su kwance ta. Babu inda aka koyi wannan darasi da tsada kamar jihar Fulorida a Amurka.

A ƙarshen Disamban 1894 sanyi mai daskarwa ya sauko wa Fulorida, har ya kai wajen digiri 8 ƙasa da sifili a garin Orlando. Lemun da ke kan bishiya ya lalace, ganye ya zube, amma yawancin manyan bishiyoyin sun tsira. Manoma suka ce asarar shekara ɗaya ce, badi ma rana ce. Sai Janairun 1895 ya zo da ɗumi. Bishiyoyin da aka tsiraita suka ɗauka bazara ta yi, ruwan jikinsu ya taso, suka fara tofo. Cikin makon farko zuwa na biyu na Fabrairu sanyin ya dawo, ya tarar da su cike da ruwa. Ɓawo ya tsage, kututture ya dare, bishiyoyin da aka yi shekaru ana raino suka mutu har ƙasa. Jihar da ke fitar da lemu sama da akwati miliyan 5 a shekara ta koma ba ta iya haɗa akwati dubu 200. Iyalai da dama suka bar gidaje da gonaki suka yi gaba. Waɗanda suka ci gaba da sana'ar suka matsa kudu, kuma wannan guguwar neman wurin da sanyi bai kai ba tana cikin dalilan da suka sa aka ja layin dogo har Miyami a 1896.

Wani zai ce ai wannan zamanin jahiliyyar noma ne. To a Disamban 1983, da Janairun 1985, da Disamban 1989, lokacin da akwai injuna da hasashen yanayi da jami'o'i masu binciken lemu, sanyin ya sake dawowa sau uku, ya share gonakin tsakiyar jihar. A garin Clermont akwai wata hasumiya da aka buɗe a 1956 musamman don masu yawon buɗe ido su hau su kalli tekun gonakin lemu. Hasumiyar tana nan. In ka hau yau, rufin gidaje za ka gani. Kusan shekara ɗari ana noman lemu a wannan ƙasa, bishiyar ba ta saba ba. Mutane ne suka gaji suka tashi.

Ku dubi kuma yadda manomin lemu ke kwana a irin wannan dare, don a nan ne labarin yake da daɗi. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka gangarowa take yi kamar ruwa ta taru a kwari, shi ya sa mai hankali ke dasa lemunsa a jikin tudu ko kusa da babban tafki. A daren da babu iska, 'yan mitoci sama da bishiyoyin akwai iskar da ta fi ta ƙasa ɗumi, sai a kafa manyan fankoki a kan dogayen ƙarafa su riƙa jawo ta ƙasa. A Kalifoniya, musamman bayan sanyin Janairun 1913, an yi zamanin da ake jera ɗaruruwan murhunan baƙin mai a tsakanin bishiyoyi, a tashi ma'aikata da 'yan makaranta cikin dare su yi ta kunnawa da ƙara mai, gari ya waye da baƙin hayaƙi, har daga baya hukuma ta sa doka a kan masu hayaƙin. Dabarar da ta fi ba da mamaki ita ce ta fesa wa bishiya ruwa don ya daskare a jikinta. Ruwa yana sakin ɗumi a lokacin da yake komawa ƙanƙara, wajen kalori 80 a kowane giram, saboda haka muddin sabon ruwa na zuba yana daskarewa, abin da ke ƙarƙashin ƙanƙarar zai tsaya kusa da sifili. To daga nan ne ake samun hotunan nan na lemu rataye cikin ƙanƙara kamar an yi masa kwalliya. Abin da hoton ba ya faɗa shi ne, in famfo ya tsaya ƙarfe uku na dare, ko iska ta taso ta fara busar da ruwan yadda take sanyaya ruwan randa, bishiyar za ta fi wadda ba a taɓa ba shan kashi. Akwai mutumin da bai runtsa ba a bayan kowane irin hoton nan, yana zagaye da tocila yana duba ma'aunin zafi.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu, sai dai wani lokaci mai cin daban, mai gudun daban. Sarki Luwis na 14 na Faransa yana son lemu, amma yanayin Faris ba ya barin lemu ya kwana a waje da hunturu. Sai aka gina masa gidan lemu a fadar Versailles tsakanin 1684 da 1686, aikin maginin nan Jules Hardouin-Mansart: zaure mai tsawon sama da mita 150, yana fuskantar kudu don ya sha rana, kaurin bangonsa mita 4 zuwa 5. Har yau bishiyoyi sama da dubu ɗaya ne ke zaune a manyan akwatuna, a fito da su wajen watan Mayu, a mayar da su ciki wajen Oktoba. Ku yi tunanin masu ɗaukar waɗannan akwatuna kafin zuwan injin ɗaga kaya. Ana cewa lemun sarki. Babu wanda ya riƙe sunan masu ciwon bayan.

A gaɓar tafkin Garda a arewacin Italiya kuwa sana'a ce ta talakawa da 'yan kasuwa. Suna gina dogayen ginshiƙan dutse da katanga ta ɓangarori uku, in Nuwamba ya zo su rufe lambun gaba ɗaya da alluna da tagogin gilashi, su toshe kafofi da busasshiyar ciyawa, su hura wuta a ciki in dare ya yi tsanani, sai bazara su kwance komai. Haka suka yi ta yi kowace shekara suna kai lemun tsami har Jamus da Rasha. Me ya kashe sana'ar? Cutar bishiya ta shigo a 1855, sannan Italiya ta haɗe ta zama ƙasa ɗaya a 1861, lemun Sisili da rana ke nunarwa kyauta ya fara isowa arewa da araha. Wanda yake biyan kuɗin katako da ƙwadago don ya saya wa bishiyarsa bazara ba zai iya gogayya da wanda Allah Ya ba shi bazarar a ƙofar gida ba. A Tarayyar Sobiyet ma an yi nasu: a dasa lemu a cikin dogayen ramuka, a rufe da alluna da tabarmin kara duk tsawon hunturu, ko a tanƙwara bishiyar tun tana ƙarama ta riƙa rarrafe a ƙasa kamar kabewa don a iya lulluɓe ta. A Uzbekistan har yanzu ana noman lemun tsami a rumfunan da aka nutsar cikin ƙasa. Mangwaron da ake nomawa a tsibirin Hokkaido na Japan, wanda shi ma bidiyonsa ke yawo, da ruwan maɓuɓɓuga mai zafi ake ɗumama masa ƙasa da hunturu, a sanyaya ta da dusar ƙanƙarar da aka adana in zafi ya zo, don a ruɗe shi ya nuna a Disamba. An taɓa sayar da ƙwaya ɗaya sama da dala 200. A wannan farashin ai ba mangwaro kake saye ba.

Sai batun iri mai jure sanyi, wanda shi ne makamin masu talla. Akwai su, babu musu. Lemun satsuma na Japan, in ya girma kuma sanyi ya shigo masa a hankali, yana iya tsallake digiri 9 ƙasa da sifili. Yuzu ya ɗan fi shi, amma tsami ne da 'ya'ya cike da ciki, ɓawonsa da ruwansa ake nema a girki. Gwarzon su duka shi ne wani ɗan uwan lemu mai ganye uku-uku daga Sin, mai zubar da ganye da hunturu, wanda ke jure digiri 20 ƙasa da sifili. Sai dai ƙayarsa kamar ta aduwa, ɗansa kuma ɗaci da ƙaro, ba ya shawuwa. Amfaninsa shi ne a yi masa aure da lemun kirki, kamar yadda masu lambunmu ke yi wa mangwaro, shi ya zama gindi, mai zaƙin ya hau sama. Auren yana ƙara juriya kaɗan, amma ba ya mayar da lemun zaƙi ɗan ƙanƙara. Kuma ko bishiyar ta tsira, ɗan lemun da ke rataye yana lalacewa in ya yi wajen sa'a huɗu a digiri 2 ƙasa da sifili. Fiya ma haka: irin Meziko ya fi sauran juriya, har wajen digiri 6 ƙasa da sifili, kuma a wasu lungunan Landan da gine-gine suka kare akwai bishiyoyin fiya da suka rayu a waje. Mai talla zai ɗauki hoton wannan guda ɗayan da ta dace da lungu, ya sayar wa mutum dubu da ba su da lungun.

Mun san abin da za a ce mana: kuna kashe wa mutane gwiwa, ai da ba a gwada ba da ba a samu ba. Ko kusa. Waɗanda muka lissafa duk gwadawa suka yi, kuma mun fi mai fassarar bidiyo girmama su, tunda mu mun faɗi abin da suka yi. Dukkansu sun fara ne da yarda cewa bishiyar ba za ta canza hali ba, sannan suka zauna suka yi lissafin bango da bututu da mai da daren da za a hana ido barci. Wanda aka ce wa bishiya na sabawa kuwa ba zai yi wannan lissafin ba. Zai sayi dashe da tsada, ya dasa a bayan gida a Manchesta ko Toronto, ya yi ta ban ruwa duk bazara yana turo hoto gida, dare ɗaya na Nuwamba ya raba shi da ita. Sannan ya zargi kansa da rashin haƙuri, ya sake sayen wani. Wa ya ci riba?

Kuma mun fahimci abin da ke sa mutum yin haka, ba ma yi masa dariya. Italiyawan da suka yi ƙaura zuwa New York sun tafi da rassan ɓauren ƙasarsu, wanda Larabawa ke kira tin. Duk ƙarshen kaka sai su naɗe bishiyar da buhu da tsohuwar darduma, su ɗaure, su kifa mata bokiti a ka. Wasu ma haƙa rami suke yi su kwantar da ita su binne da ranta, sai bazara su tono. Kewar gida ce zalla, kuma tsofaffin nan ba su taɓa yaudarar kansu cewa ɓauren ya zama Ba'amurke ba. Ɗan uwanmu da ke can in ya shuka ƙwallon mangwaro a tukunya kusa da taga zai tsiro, zai yi jajayen ganye masu kyau, ya ɗebe masa kewa. Samun ɗa kuwa da wuya, don zafi da hasken da mangwaro ke buƙata ba su isa ba. In 'ya'ya yake so, ƙaramin lemu ɗan aure a tukunya ya fi masa, ya fitar da shi in sanyi ya wuce, ya jawo shi ciki kafin daren farko na daskarwa. Marubucin da ya sa jarumarsa tana jan wannan tukunyar zuwa falo tana haki, mijin na mitar ƙasa ta ɓata masa kafet, ya ba mu Landan ta gaskiya fiye da mai lambun gwaiba a dusar ƙanƙara.

Wannan ƙaryar tana da ƙanwa a nan gida, ta juyo ne kawai. Su can ana sayar musu da bishiyar zafi, mu nan ana tallata mana dashen tuffa da hoton jajayen 'ya'ya reshe na rinjaya, ana cewa zai saba da Kano ko Sakkwato. Yawancin nau'o'in tuffa sai sun sha ɗaruruwan sa'o'i, wasu sama da dubu, na sanyin da ke ƙasa da digiri 7 kafin su farka su yi fure yadda ya kamata. Akwai masu buƙatar kaɗan, irin su Anna da aka samar a Isra'ila, kuma a wurare masu tudu kamar Jos akwai masu gwadawa. A garin Batu na tsibirin Jaba a Indonesiya ana noman tuffa ba tare da irin wannan sanyin ba, amma bayan kowane girbi sai an bi bishiyoyin an tsige musu ganye don a tilasta musu sabon fure, kuma Batu ɗin ma a kan tudu take. Mai dashe a bakin titi ba zai gaya maka wannan ba. In ya tare ka, ka tambaye shi sunan irin, da sa'o'in sanyin da yake buƙata, sannan ya nuna maka bishiya ɗaya a garinku da ta yi shekara uku a jere tana ba da 'ya'ya, ka je ka gani da idonka kafin ka zaro kuɗi.